Dubiyar Mai Lafiya

Taubashina mai injin niƙa ne a Gagarawa. Ɗan yayan mahaifiyata ne, wato ni ɗan mace shi ɗan namiji, kuma tun muna yawo ba wando muke musun wane ne bawan wani a tsakaninmu, har furfura ta fara fito mana ba a yanke hukunci ba. Ni a Gumel aka haife ni, a gidan da kaka akawu ne, uba akawu, ni ma da na tashi ban wahalar da kaina da wani dogon tunani ba, na bi sahu. Ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar, kullum in hau babur in je in dawo. Shi yana ce mini ɗan biro. Ni kuma ina ce masa farin aljani, domin ban taɓa zuwa rumfarsa na same shi da baƙin gashin ido ba, garin dawa ya rufe shi tun daga hula har silifa.

Wata Alhamis ya je kasuwar Maigatari sayen bel ɗin inji, ya dawo da bel ɗin da kuma wata rediyon mota da aka ciro daga irin motocin nan na hannu da ake shigowa da su ta Nijar. Da ya jona ta da batir sai ya tarar akwai faifai maƙale a ciki, na Baturen da ya taɓa mallakar motar. Ya yi ya yi faifan ya fito, ya ƙi. Sai ya haƙura, ya haɗa mata lasifika biyu irin na masu tallar magani, ya ƙure mata murya.

Ranar da na fara jin abin na ɗauka injin ne ya lalace. Gita ce ta lantarki ana gurzar ta kamar ana yanka kwanon rufi da zarto, ga ganguna ba sa tsayawa su huta, ga wani ƙato yana ruri a kai. Na toshe kunne na ce masa ya je a yi masa ruƙiyya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi tunda yake bai taɓa samun mawaƙin da ya iya ɗaga murya sama da injinsa ba sai wannan. Daga baya mai tura waƙoƙi a waya da ke bakin tashar Gumel ya gaya mana Turawa na kiran irin wannan kiɗa hebi metal, ya kuma cika masa memori guda da ire-irensa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma kiɗan ya kama ni. Na koma wurin mai turawar na ce a ƙara wa taubashina wani memorin, na sa a wayata. Da safe in toshe kunnuwana da abin sauraro in kama hanyar Sule Tankarkar, gonakin gero dama da hagu, makiyaya suna ɗaga mini hannu, ni kuwa a cikin kaina ana ta ragargazar duniya. In na kusa sakatariya sai in tsaya gindin wata aduwa in cire, in gyara zaman hula, in shiga ofis da sallama kamar wanda ya taho yana tasbihi. Ina son kiɗan nan ƙwarai. Yanzu da faɗar ba za ta amfani kowa ba, ga shi na faɗa.

Shi kuwa nasa dalilin ya wuce so. Shekara ashirin da wani abu yana tsaye a kan inji, kunnuwansa sun fara tafiya. Na hagu ya riga ya yi nisa, na dama yake miƙo wa mutum in ana magana, idonsa a kan leɓe. Mata su ce ɓarza, ya yi musu laushi, su ce laushi, ya ba su tsaki, a yi ta rigima. Wata rana muna zaune a kan buhuna ya gaya mini yadda abin yake tafiya, ba tare da neman tausayi ba, kamar yana ba ni labarin damina. Ya ce tsuntsaye ne suka fara ɓacewa, sai muryar 'ya'yansa mata in suna ɗaki, sai kiran sallar asuba wanda a da shi yake tashinsa. Duk abin da yake siriri ya tafi. Wannan kiɗan ne kawai yake da kaurin da har yanzu yake isa ciki.

Ana cikin kaka, an fara yankan riɗi, na gani a waya cewa mutanen da ke cikin faifan nan, su da kansu, za su zo su yi wasa a babban filin ƙwallo na Abuja ranar wata Asabar. Ban yi niyyar komai ba sai tsokana. Na biya Gagarawa da yamma, na sa ya kashe inji, na nuna masa hoton na ce ga iyayen gidansa nan sun biyo shi har ƙasarsa. Ya karɓi wayar da hannunsa duk gari, ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya ba.

"Kai ni, ɗan biro," ya ce. "Ni ban san hanya ba, ban san yadda ake shiga ba. Kai ni in ji su kafin kunnen nan ya rufe. Ba zai kai baɗi ba, ni na sani."

Tunda muke bai taɓa roƙo na komai ba. Ƙwacewa yake yi, ya ce haƙƙinsa ne na taubashi. Na ce masa to.

In ana maganar tsara tafiya, to an zo gidana. Na ɗauki farar takarda na ja layi da rula. Juma'a mu tashi da motar farko bayan asuba, mu canza mota a Kano, mu yi sallah a hanya, mu shiga Abuja kafin duhu. Na nemo wani ɗan masaukin baƙi can gefen gari, inda ba mai iya gane ɗan gidan wane ne ni. Asabar da safe mu je babban masallaci ya ga abin da yake gani a kalanda, daga nan mu leƙa kasuwar kayan gyaran inji, domin ya ce ba zai je birni ya dawo hannu sake ba. Bayan la'asar mu kama hanyar filin wasa. Har inda za mu yi magariba na rubuta. Ya kai riɗinsa Maigatari ya sayar, na saya mana tikiti ta waya, na tsayuwa, gaba-gaba, daf da lasifika. Na kuma je wurin 'yan gwanjo na sayi wandon jins da baƙar riga na cusa a ƙasan jaka. Da na nuna masa ya ce shi da kaftaninsa da hularsa zai shiga, in sun ga dama su ɗauka limaminsu ne ya zo.

Sati uku muna wannan shiri, kuma ban tuna lokacin da na ji daɗin rayuwa kamar waɗannan kwanakin ba. Kullum da yamma sai ya kira ni a waya ya ƙwala tambaya, saura kwana nawa? Ba ya jin amsata, sai in kashe in aika masa lambar a rubuce.

Abu ɗaya ne takardata ba ta warware ba. A wurinmu magidanci ba ya ɗaukar jaka ya fice haka nan. Sai ya sallami mahaifiya, ya sallami iyali, ya gaya wa maƙwabci, ya gaya wa waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci, kuma kowannensu zai ce, lafiya dai? Ba tambayar wucewa ba ce, amsa ake jira. Ga ofis, dole in rubuta dalilin neman hutun ranar Juma'a. Ni kuwa a lokacin ni ne sakataren kwamitin masallacin unguwarmu. Na yi ta gwada maganar a bakina a kan babur, cewa zan je Abuja kallon Turawa masu dogon gashi suna ihu. Ko sau ɗaya ba ta fita daidai ba.

"Ka ce kiɗa za mu je ji," in ji taubashina. "Sata ce?"

"Kai ba wanda zai ce maka komai. Ni fa?"

"To me za ka ce?"

"Asibiti. In ce zan kai ka a duba ka. Ai kunnen ba lafiya ce da shi ba, ba ƙarya na yi ba."

Ya tsaya yana kallon bakina har na gama, ya sosa ƙeya. "Ni dai ban ji ciwo a jikina ba," ya ce. "Amma kai ne mai mutunci a gari, ni mai niƙa ne. Yadda ka ce." Na sa ya yi mini alkawari ba zai gaya wa kowa gaskiyar maganar ba, ko Kawu mahaifinsa, ko matarsa. Ya yi. Mutum ne da in ya ce ya yi, an gama.

Ni da aka haifa a ƙasar nan aka raine ni a cikinta, ya kamata in san abin da kalmar asibiti take jawowa in ta fita daga baki. Da cewa na yi taron ofis ne zai rako ni, da an ce Allah ya kiyaye hanya an wuce wurin. Amma mara lafiya ba na mutum ɗaya ba ne, na dangi ne gaba ɗaya. Na gaya wa Hajiya, mahaifiyata, da hantsi. Kafin azahar ta buga wa Baffa waya, ƙanin mahaifina da ya daɗe yana aikin gwamnati a Abuja. Da yamma ya kira ni. Ya ce ya ji za mu kawo ɗan'uwa asibiti, an gyara ɗaki, kuma ya yi magana da wani likitan kunne abokinsa, zai gan mu Asabar da safe. Na fara in-ina a kan cewa mun riga mun sami wurin sauka.

"Masaukin baƙi?" ya ce. "Ina raye a garin?"

Na ce a'a, Baffa, suɓutar baki ce.

Ranar Juma'a da sassafe motarmu ta tsaya a mararrabar Gagarawa don ɗaukar taubashina. Na hango shi tsaye da 'yar jakarsa, kewaye da maƙwabta suna yi masa addu'ar samun sauƙi. A gefensa ga Kawu, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, da tabarma a naɗe, da buta, da ƙullin kuka da daddawa na tsarabar masu masauki. Ya ce ba a kai ɗa asibitin birni uba yana gida yana jiran labari. Taubashina ya dube ni ta saman kafaɗar tsohon ya ɗaga gira. Na yi masa alama da hannu cewa ya bar mini, zan san yadda zan yi.

Kawu ya zauna a tsakaninmu tun daga nan har Abuja. Duk motar da muka shiga sai ya ba fasinjoji labarin ciwon ɗansa, su kuma kowa ya kawo nasa maganin, wannan ya ce ruwan albasa, wancan ya ce man shanu mai ɗumi, wata tsohuwa ta rantse da hayaƙin wata saiwa da ake samu a Damagaram. Mara lafiyar yana ta cin gyaɗa yana kallon taga. Jifa-jifa ya zagayo da hannu ta bayan Kawu ya mintsine ni.

Direban Baffa ne ya ɗauke mu a tasha. Da muka kusa gida sai ga filin wasan a hannun dama, ga manyan motoci sun yi layi a bakinsa ana sauke kaya, ga ƙarafan fitilu sun miƙe sama. Taubashina ya manna goshi a gilashi, ya bi shi da kallo har wuyansa ya ƙare. Ashe gidan Baffa a unguwar ma'aikata yake, bayan filin kaɗan, tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba. Na ɗauki wannan a matsayin sa'a. Na ce a raina gobe da yamma mu sulale, mu je mu dawo ba wanda ya lura.

Asabar da safe aka kai mu wurin likita. Ya sa wa taubashina wani abu a kunnuwa, ya ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Na tsaya ina kallo, ina jin 'yar ƙarar tana fitowa har inda nake, hannun yana kan cinya bai motsa ba. Da aka gama likitan ya yi wa Baffa bayani da Turanci, Baffa ya mayar wa Kawu da Hausa. Na hagu ya mutu. Na dama saura kaɗan, kuma babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. A nisanta shi da duk wata ƙara mai ƙarfi, ko inji, ko lasifika, ko gidan biki. Kawu ya gyaɗa kai, ya karɓi maganar kamar an damƙa masa amana.

A bakin ƙofa taubashina ya ja ni gefe ya ce me likitan ya ce. Na gaya masa.

"Wannan ai na gaya maka kyauta a Gagarawa," ya ce. "Ƙarfe nawa za mu fita?"

Daga baya na sha lallashin kaina da maganar likitan nan, in ce ai taimakon sa na yi. Ba gaskiya ba ne. Na san ranar Litinin zai koma ya tsaya a kan injinsa, domin da shi yake ciyar da gida. Kunnen mai tafiya ne ko da mu ko ba mu. Zaɓin da ya rage masa kawai shi ne abin da zai ji da ragowar.

Muna dawowa gida muka tarar an shimfiɗa katifa a falo, da matashi biyu. Baffa ya riga ya sanar da 'yan ƙasarmu mazauna Abuja cewa an kawo mara lafiya daga gida. Matar Baffa ta sa taubashina ya kwanta, ta kawo mayafi aka rufe masa ƙafafu. Kawu ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe ya fito da carbi. Ana idar da azahar aka fara sallama.

Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa daidai kunnen dama ya ɗaga murya, "Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji mutumin da shekaranjiya yake ɗaga buhun masara shi kaɗai.

Lemo da ayaba da kankana suka taru a kusurwa har suka yi tsibi. Kowa yana so ya ji labarin daga farko, Kawu kuma ba ya gajiya da bayarwa. In an gama a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, a taɓa hirar gida, wane ya rasu, gero ya yi kyau bana ko bai yi ba. Ba a tashi a bar mai dubiya a zaune, kuma kafin wannan ya miƙe wani ya yi sallama. Akwai masinja da ya hau mota biyu kafin ya iso, akwai mai sayar da shayi da ya rufe teburinsa ya taho, akwai babban darakta da ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da Kawu. Yawancinsu ba su taɓa ganin taubashina ba. Sun zo ne don an ce na gida ne ba shi da lafiya. Har yau ba na iya jin haushinsu, abin kirki suka yi, ni ne na kira su da ƙaryata.

Aka yi la'asar. Lokacin da na rubuta a takarda ya zo ya wuce. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga idon taubashina a kaina ta tsakanin kafaɗun baƙi. Na gwada sau ɗaya, na ce bari in ɗan fita da shi ya miƙe ƙafa.

"Ina?" in ji Kawu. "Ba a gabanka likita ya ce a guji hayaniya ba? Kana jin motocin titin nan kuwa? Ga bayin Allah sun taso takanas, sai su tarar da katifa?"

Na koma na zauna, na ci gaba da raka baƙi zuwa ƙofa ina yi musu godiya.

Da magariba aka bar mara lafiya ya taka zuwa ɗan masallacin da ke bakin layi. Da muka fito titi ya cika da samari da 'yan mata cikin baƙaƙen riguna, duk sun nufi wuri ɗaya. Muka tsaya a ƙofar gida mu huɗu, ni da Baffa da Kawu da taubashina, muna kallon su. Baƙi sun ɗan tsagaita. Baffa mutum ne mai lura, ya dube ni.

"Tun ɗazu kake duba agogo," ya ce. "In akwai inda kuke son zuwa, ga direba nan bai tafi ba."

"Babu, Baffa."

Ban rufe baki ba aka saki ganguna daga filin wasan. Nauyin sautin ya biyo ta saman gidaje ya iso har inda muke. Kawu ya ɗaga kai sama ya ce hadari kuma a kaka? Baffa ya yi dariya.

"Wasu makaɗa ne Turawa suka zo filin ƙwallo. Yaran gidan nan duk suna can tun la'asar, ni na ba su izini. Mu ma da muna kwas a ƙasar waje mun leƙa irinsa, ba abin da ya ci mu." Yana faɗa yana kallo na.

Kawu ya girgiza kai. "Allah ya shirya mana zuri'a," ya ce.

Ƙofa ce a buɗe, da mota, da direba, ga mai gidan da kansa ya riga ya share mini hanya. Abin da ya rage kawai in ce, Baffa, mu ma can muka zo. Na sha lissafa abin da wannan maganar za ta jawo mini. Kawu zai yi ta faɗa har Gagarawa. Labari zai isa Gumel kafin mu isa, a yi mini dariya a majalisa wata guda, wataƙila a nemi wani ya riƙe littafin kwamitin masallaci. Iyakarsa ke nan. Na buɗe baki na ce, "Amin."

Taubashina bai ji abin da Baffa ya faɗa ba, bai ji na Kawu ba, amma ya san amin a leɓe. Ya ga kuma yadda kowa ya juya fuska gefe ɗaya. Ya matso kusa da ni, a ganinsa raɗa zai yi, maganar ta fito da ƙarfi.

"An fara?"

"An fara me?" in ji Kawu.

Taubashina ya kalle ni. Ya ba ni lokaci, ni shaida ne, ya jira in faɗi gaskiya. Na sunkuyar da kai ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Kiran isha'i nake tambaya, Baba," ya ce wa mahaifinsa.

Ya shige gida ya kwanta a kan katifar, ya juya fuska bango, ya ja mayafin da kansa. Masu dubiyar da suka zo bayan isha'i suka ce lallai jikin ya motsa, a bar shi ya huta.

Ni kuwa na zauna a baranda. Daga nan ana jin komai, daga nesa amma tas. Na gane waƙar da suka fara da ita, ita ce ta farko a faifan nan da ya maƙale, wadda nake ji a hanyar ofis. Na gane ta biyu. Ni mai lafiyayyen kunne na zauna na ji wasan a banza daga kujerar Baffa, wanda aka yi tafiyar dominsa yana kwance bayan bango ɗaya ba abin da yake isa gare shi. Sau biyu na miƙe da niyyar in shiga in tashe shi mu fita ko da rabin ne mu samu. Sau biyu na ga ƙafar Kawu a bakin ƙofa na koma na zauna.

Da safe wurin karin kumallo 'ya'yan Baffa suka fito da muryoyi a dushe. Babbar, wadda ke jami'a, tana ba uwarta labari ta ce su da suke gaba ba da kunne suka ji ba, a ƙirji da tafin ƙafa abin yake dukan mutum, ko kurma ne sai ya ji. Sai ta tuna da wanda ke zaune a falo, ta kama bakinta. Shi bai ji ta ba. Yana shan kokonsa.

A hanyar dawowa bai mintsine ni ba. Da muka iso mararrabar Gagarawa maƙwabta sun fito tarya. Ya sauka, ya sauke wa Kawu kaya, ya zagayo ta tagar da nake, ya miƙo mini hannu biyu a gaban mutane.

"Na gode da ɗawainiya, Malam," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Bai taɓa ce mini Malam ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin ya koma kan injinsa. Kafin damina mai zuwa ta ɗauke, kunnen dama ya rufe, kamar yadda ya faɗa. Zumunci bai yanke ba. Ina zuwa suna, ina zuwa gaisuwa, yana zuwa nawa, mu gaisa da mutunci kamar surukai. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Kawu har ya koma ga Allah yana sa mini albarka, yana cewa a cikin 'ya'yan ƙanwarsa ni ne na ɗauki ɗansa na kai shi wurin babban likita a Abuja. Har yanzu in ana maganar zumunci a Gagarawa ana kawo ni misali, ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki.

Bara na biya ta rumfarsa da yamma, na tarar ya kashe inji yana ɗaure bel, mata sun jera kwanuka suna jira. Na ɗaga masa hannu zan wuce cikin gida, sai ya yafito ni. Ya goge hannu a jikin riga. Yanzu ba ya jin muryar kansa, don haka maganar ta fito har bakin titi.

"Tambaya nake so in yi maka, ka gaya mini gaskiya. Ran nan a Abuja. Da mun shiga, da na ji?"

Matan suka juyo suna kallon mu. Na ga hanyar da za ta fi mana sauƙi mu duka biyu. In girgiza kai kawai, in nuna masa cewa ai likita ya ce saura kaɗan, ba abin da ya rasa. Zai yarda ko ya yi kamar ya yarda. Na matsa inda haske yake a fuskata, na buɗe baki sosai yadda zai karanta.

"Da ka ji," na ce.

Ya kalli leɓena har na rufe, ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka nake zato," ya ce.

Ya juya ya tayar da injin, ya miƙa hannu ya karɓi kwanon matar da ke gaba.